Hilux mai dizal ba ta tashi da safe sai an buga famfon filta, ga kuma warin mai

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara kafin in kashe kuɗin da ba ni da shi. Ina da akori-kura Hilux ƙirar 2010, injin dizal 2KD, da ita nake kai taki gona in ɗauko tumatir zuwa Kano. Tun da damina ta ɗauke ta tsiro da wani hali: in ta kwana, da safe kik zai yi ta juyawa ba ta kama ba, in ma ta kama sai ta yi rawa kaɗan ta mutu. Amma in na ɗaga bonet na danna famfon hannun nan da ke kan filta har ya yi tauri, bugu ɗaya take tashi, ta wuni tana aiki lafiya. Abu na biyu, ina jin warin gas a wajen injin, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa inda take kwana ba. Wani bakanike ya ce nozul ne, masu fesa mai cikin silinda, duka huɗun, wani ya ce babban famfo ne ya gaji. Kowanne kuɗin da ya faɗa sai na sayar da amfanin gona. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Direban_Gwaram:
Wa alaikumus salam. Malam, hita ce, wato fulogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da injin. Sanyi ya fara shigowa, duk motar gas haka take yi in hita ta mutu. Ka sa mai wayarin ya duba maka su huɗun.

Usta_KofarRuwa:
Direban Gwaram, da hita ce da buga famfo bai tashe ta ba. Famfo ba ya ɗumama komai, mai kawai yake jawowa. Tunda da ya danna ya yi tauri take tashi bugu ɗaya, to cikin dare man da ke layi yana sulalewa ya koma tanki, iska ta maye gurbinsa. Alhaji, kada ka yarda a taɓa maka nozul ko babban famfo yanzu. Tambaya ɗaya: da safe in ka fara dannawa, famfon laushi yake yi tuɓus, ko da ɗan ƙarfinsa?

Manomin_Kadawa:
Tuɓus yake, Usta. Sai na jima ina dannawa kafin in ji ya cika. Amma abin da ya ɗaure mini kai, in har akwai inda ya huje, ai da na ga mai yana zuba.

Injiniya_Samaru:
Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, Malam. Wannan motar ba ta da famfon lantarki a cikin tanki irin na motocin fetur. Babban famfon da ke jikin injin shi ne yake tsotso mai tun daga tanki, ya bi ta tiyo, ya ratsa filta, sannan ya iso gare shi. Ma'ana duk layin nan daga tanki zuwa famfo zuƙa ake yi a cikinsa, ba turawa ba. In tsinken shan lemo ya tsage, lemo ba ya zubo maka ta tsagar, iska ce take shiga ka ji kana zuƙar wofi. Haka layin nan yake. Tsagar da ido ba ya gani a tiyo, ko kilif da ya saki, ko zoben robar filta da ya bushe, duk za su bar iska ta shiga alhali waje a bushe ƙamas.

Kuma injin 2KD ba kamar na da ba ne. Kwamfutar motar ba za ta buɗe nozul ba sai ta ga matsin mai a cikin rel, wato bututun ƙarfen da ke tara mai yana raba wa nozul, ya kai wani mizani. In iska ce a layi, famfo zai yi ta matsa iska, matsin ba zai hau ba, kik ya yi ta wahala a banza.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Daren yau ka ajiye ta a gangare, gabanta yana kallon ƙasa, yadda tanki zai fi injin tudu. In da hali ma tankin ya zama a cike. In ta tashi da safe ba tare da ka taɓa famfo ba, ka tabbatar man komawa yake yi.

Direban_Gwaram:
Na ji bayaninku, kuma ban musa ba. Amma a duba hitar dai, ba ta da tsadar dubawa. Mota mai shekaru haka ana iya samun ciwo biyu a jikinta.

MaiWayarin_Bukur:
Gaskiyar Direban Gwaram ce ta wannan fuskar. Mu nan Jos da hunturu ya kankama muke gane motar da hitarta ta mutu: za ta tashi da ƙyar, ta yi farin hayaki mai yaji a ido, tana tsallen silinda har ta yi zafi. Da mita ake gwadawa, mai kyau tana nuna wajen om 1, wadda ta ƙone ba ta nuna komai. Sannan a duba batir. Cikakke yana nuna volt 12.6, in ana kik ya faɗi ƙasa da 10 sosai to ya gaji, ko kuma kan batir ya yi tsatsa, ko wayar as ta saki. Dizal yana son kik mai sauri. Sai dai ni ma, abin da mai motar ya bayyana bai yi mini kama da aikinmu ba.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas ba mu da garejin da za mu ruga, don haka ga yadda muke rabe gardama. Ka samu galan mai tsabta ka zuba gazuwal, wato gas, mai kyau, ka cire tiyon da ya taho daga tanki a bakin filta, ka sa wani guntun tiyo daga galan zuwa filtar. Ka buga famfo, ka tayar, ka kashe, ka bar ta ta kwana haka. In da safe ta tashi lafiya, ciwon yana baya, tsakanin tanki da filta. In ta sake ƙi, ciwon yana kan filtar ko gaba da ita. Ka ɗaure galan ɗin da kyau, nesa da batir da salansa.

Tawa mai injin 5L ce, ba irin taka ba. Ta taɓa yi mini warin gazuwal babu ɗigo a ƙasa, ashe sil ɗin gaban famfo ne, man yana zuba cikin murfin bel ɗin taimin. Da muka buɗe, bel ɗin ya jiƙe sharkaf, ya kumbura, haƙoransa sun yi laushi kamar a ciza. Allah ya kiyaye bai tsinke a daji ba. Shi ya sa nake cewa warin nan kada ka raina shi.

Injiniya_Samaru:
Shawarar galan tana da kyau. Ni na fi son tiyo mai garai-garai, irin wanda magina ke auna lebur da shi. A sa guntu ɗaya kafin filta, ɗaya bayanta, a tayar da mota a zuba ido. In kumfa na wucewa a na biyu amma babu a na farko, kan filta ne. A cire shi bayan gwaji, don ba a yi shi domin gas ba, yana taurara ya tsage.

Maganar bel kuwa, a 2KD giya ce ke juya babban famfo, ba bel ba, don haka abin da ya sami ɗan'uwanmu na Damagaram ba zai zo maka ta wannan siffa ba. Naka abin tsoron daban ne. Malam, ka zaro gejin baƙin mai ka duba. Ya wuce alamar sama? Ya yi ruwa-ruwa? Yana warin gas?

Manomin_Kadawa:
Na duba yanzu. Yana daidai alamar sama, ko ya ɗan ɗara kaɗan. Wari kuwa hancina ya riga ya cika da na gas, ba zan iya rantsuwa ba. Me ya haɗa baƙin mai da gas kuma?

Usta_KofarRuwa:
Abin da Injiniya ke nufi, nozul ɗin wannan injin a ƙarƙashin murfin saman injin suke, kuma siririn bututun ƙarfe da ke kwashe rarar mai daga kansu shi ma a ciki yake, an ɗaure shi da ƙananan notoci masu wosha. In aka taɓa kwance wajen aka mayar da tsofaffin wosha, sai gas ya riƙa tsiyaya kai tsaye cikin baƙin mai. Ba za ka ga komai a waje ba, sai dai geji ya yi ta hawa. Baƙin mai in ya tsinke da gas ba ya riƙe ƙarfe, ƙarshenta metal ya tafi. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bar shi. In ka ga wani zobe mai haske ya bazu ya kewaye baƙin, akwai alamar gas. Kuma ka lura da inda gejin yake yau, ka riƙa dubawa kowace safiya a waje ɗaya mai lebur.

Hajiya_MaiBurodi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanikiya ba ce, amma irin motar nan ce ke raba mana burodi, kuma ni ke biyan kuɗin gyara. Mun yi irin wannan, aka yi ta kai ta ana kawowa. Daga ƙarshe wani dattijon bakanike ya tambayi yaron da ke tuƙa ta yaushe abin ya fara, ya ce bayan sabis. Ya kwance filtar a gabana. Zoben robar da ke ƙasa, wajen da na'urar gane ruwa take ɗaurewa, ya murɗe ya fito gefe ɗaya kamar an cije shi, filtar kuma jabu ce. Aka sa ta gaske da sabon zobe, shi ke nan. Malam, ka tuna ko an canza maka filta dab da fara wannan matsala.

Manomin_Kadawa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. An canza, amma abin ya riga ya fara kafin nan. Don shi ma aka canza ta.

Bala_Tifa:
Duk wannan dogon turanci ne. Ka sassauta notin bututun nozul ɗaya, wani ya yi maka kik har mai ya feso, ka ɗaure. Haka muke fitar da iska a tifa tun muna yaran mota.

Injiniya_Samaru:
Malam Bala, don girman Allah kada a gwada wannan a 2KD. A tsohon injin tifa mai famfon layi ana yi, na yarda. Amma a nan matsin da ke cikin rel yana wuce bar 1,000, tayar motar kuwa bar 2 zuwa 3 ce. Man da ya fito ta ƙaramar kafa da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin tsoka. Raunin zai yi kama da tsinin allura, mutum ya raina shi, alhali abu ne na tiyata cikin gaggawa, ana rasa yatsa a kansa. Ko neman yoyo ake yi, ba a shafa bututun da hannu injin na aiki, kwali ake karawa. Kuma wannan injin ba ya bukatar haka, famfon hannu ya isa, sauran iskar da kanta take bi ta layin komawa, wanda ke mayar da rarar mai tanki.

Bala_Tifa:
To, na karɓa. Ban taɓa riƙe mai kwamfuta ba.

Baba_TsohonDireba:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni tambayata, a ina kake shan mai? Motocin nan na zamani ba sa haƙuri da abin da na da suka haƙura da shi. Gas ɗin da ya kwana a duro a gefen titi, ruwa na taruwa a gindinsa, ga tsatsa ga ƙura. Wani kuma a gauraya shi da kalanzir. Famfo da nozul ba su da wani man shafawa sai gas ɗin kansa, in ya yi tsinke-tsinke ƙarfe ke cin ƙarfe.

Garba_Mubi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma yanzu kalanzir ɗin ma ya yi tsadar da ba kowa ke gaurayawa da shi ba. Ruwa da datti su ne suka fi damunmu. Mu a ƙauyukanmu gidan mai ya yi nisa, dole sai na jarka. Abin da nake yi, in bar jarkar ta zauna ta kwanta, in tace da kyalle mai tsabta, kuma ba na juye ta har gindi.

Usta_KofarRuwa:
A ƙasan filtar akwai ɗan makunni na roba, don zubar da ruwa aka yi shi. Ka tara kwalba, ka sassauta, ka danna famfo, za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa gas yana sama. In fitilar filta ta kama a dashbod kada a ce sai an dawo daga tafiya. Amma mu koma kan motar Alhaji: gurɓataccen mai ba ya jira sai dare ya yi aikinsa, da shi ne da ta riƙa shaƙewa a kan hanya, musamman da kaya a hawa.

Yaron_Oga_Panteka:
Oga, ni a ganina a sa mata ɗan bawul mai hana mai komawa, a tiyon kafin filta. Muna sa wa mutane, kuma suna tashi lafiya.

Usta_KofarRuwa:
Ɗana, yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma ka rufe alamar ne, kafar tana nan. Iskar da ke shiga da dare tana shiga da rana ma in injin na zuƙa, famfo ya yi ta aiki da mai haɗe da kumfa. In mutum yana daji ne ya sa don ya iso gida, babu laifi.

Dan_Damagaram:
Ni kam ina da shi a motata kuma ba zan cire ba. Wanda ke kwana inda babu mai tura shi ya san amfaninsa. Amma na yarda a nemo kafar tukuna.

Direban_Gwaram:
Wani abokin aikina turare yake fesa wa tasa ta wajen filtar iska, nan take take kamawa.

MaiWayarin_Bukur:
Ka hana shi. Turare, maganin sauro, tsumma da fetur, duk ɗaya ne. In hita ta yi ja abin ya same ta, yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ka ji injin ya buga kamar an sa guduma. Ringi ke karyewa a haka.

Auwal_Diagnosis:
Ban ga wanda ya ambaci SCV ba. Ɗan bawul ne a bayan babban famfo, shi ke ƙayyade yawan man da famfon zai ɗauka. In ya fara maƙalewa mota tana mutuwa a silo, ko ta rasa ƙarfi ta kunna fitilar injin. Ana canza shi shi kaɗai ba sai an sayi famfo sukutum ba, wannan ya kamata mai motar ya sani kafin wani ya ce masa famfo ya mutu. A sa mata kwamfuta a ga ko akwai P0087, wato matsin rel ya yi ƙasa, ko P0093 mai nuna babban yoyo a layin mai. A kuma kalli matsin rel lokacin da ake kik, da yadda kwamfutar ke ƙara wa kowace silinda mai ko rage mata. Da wannan ake gane nozul ɗin da ta gaji, ba da kunne ba. In ma ta kai ga canza nozul, kowacce da lambarta a ka, sai an shigar da ita cikin kwamfutar motar.

Manomin_Kadawa:
Jama'a, ga inda aka kwana. Na ajiye ta a gangare kamar yadda Injiniya ya ce, da safe ta tashi ban taɓa famfo ba. Muka sa tiyon magina gaba da bayan filta. Na farko mai ne zalla, na biyu kuwa ƙananan kumfa ne ke bin juna a jere, in an taka totur su ƙaru. Da yaron gareji ya danna famfon da ƙarfi sai ga gas yana tsattsafowa ta gefen maɓallin, ya jiƙa masa babban yatsa. Mun canza kan filtar gaba ɗaya. Yanzu tana tashi da safe ko ta ina ta juya. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai abu biyu: warin bai tafi duka ba, kuma jiya da na dawo daga Kwanar Gafan injin da zafi, na kashe na sake tayarwa, sai da kik ya ɗan ja kafin ta kama. A da ban lura da haka ba.

Hajiya_MaiBurodi:
Alhamdu lillahi. Warin ƙila na man da ya zuba ne lokacin aiki. A wanke injin a gani.

Usta_KofarRuwa:
Madalla. A wanke, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda a kan tiyoyin komawa da gindin famfo da bakin rel, a yi tafiya kaɗan a dawo. Inda ya jiƙe zai nuna kansa. Tiyoyin robar nan na komawa in sun tsufa suna tsagewa a bakin kilif. Jan kik da zafi sau ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Injiniya_Samaru:
Usta, a nan ni ban natsu ba. Ƙin tashi da sanyi wanda famfo ke warwarewa iska ce, wannan an gama da shi. Amma jan kik da zafi yakan nuna nozul na mayar da mai baya fiye da kima, don gas in ya yi zafi yana tsinkewa ya fi saurin sulalewa, matsi ya ƙi hawa. Bawul ɗin da ke ƙarshen rel mai sakin matsi in ya yi yawa, shi ma in bai rufe ruf ba haka yake yi. Ga kuma gejin da ya ce ya ɗan ɗara. Ni da a sa kwamfutar yanzu.

Garba_Mubi:
Ba a yin gwajin kwalabe huɗu ne, a tara man da kowace nozul ke mayarwa, a ga wadda ta fi cika?

Usta_KofarRuwa:
A injin da nozul ɗinsa ke waje, minti kaɗan ne. A wannan sai an ɗaga murfin sama, kuma in ka kwance bututun nan dole sabbin wosha. Shi ya sa ba na son a buɗe sai da hujja. Kwamfutar dai na yarda, ba ta kwance komai. Alhaji, ina labarin takardar da na ce ka ɗiga wa baƙin mai?

Manomin_Kadawa:
Na ɗiga, Usta. Akwai ɗan zobe, amma ban san ko irin wanda kake nufi ba ne. Zan juye baƙin man in zuba sabo daidai alama, in riƙa dubawa. In na shigo Kano da kaya zan nemi mai kwamfuta, in turo muku abin da ta nuna.

Sabo_Agadas:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Tawa 5L ce, ita kuma tafiya take yi lafiya sai ta fara shaƙewa, in na buɗe murfin tanki in ji ya ja iska fuu, sai ta dawo daidai. Wannan ma kan filta ne?

Dan_Damagaram:
A'a ɗan'uwa, naka numfashin tanki ne ya toshe, ƙura ce ko laka. Ka fara da murfin da ɗan tiyon shaƙar iskar da ke saman tanki, ka busa su ka gani.